Randa ta Shida ta Mamman

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Mamman Mai Randa. Na san yawancin masu karanta wannan shafi ba su taɓa jin sunansa ba, kuma babu dalilin da zai sa su ji. Ba malami ba ne, ba attajiri ba, ko sarautar unguwa bai taɓa riƙewa ba. Manomin albasa ne daga Alelu da ya dawo Jega da zama, mai jan ƙafar hagu, abokina tun muna wanka a gulbi ba wando. Ban ɗauki alƙalami don in yi masa kirari ba. Akwai magana guda da ya kamata in faɗa ranar da aka shimfiɗe gawarsa gaban liman, na haɗiye ta, kuma har zuwa bana 'yarsa Saratu ce ke ɗauke da nauyin wannan shirun nawa. Na ba saba'in baya da daɗewa. Wanda ya kai nan bai kamata ya riƙa cewa sai gobe ba.

Mamman yana saurayi kurkunu ya kama shi. Yaran yanzu ba su san wannan ciwo ba, mun gode Allah. Tsutsa ce doguwa kamar zare, ana shan ta a ruwan tafki, ta fito ta ƙafa, a riƙa naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. Tasa ta tsinke a ciki. Ƙafar ta kumbura, ya yi damina guda a kwance yana jin tsaransa suna wucewa gona. A kwancen nan ya yi alwashi: in Allah Ya sa ya sake taka ƙasa, zai ajiye ruwa mai tsabta a ƙofar duk inda mutane ke taruwa don ibada, kuma da wannan ƙafar zai kai shi, ba bisa jaki ba, ba bisa keke ba. Ya tashi, ƙafar ba ta koma daidai ba, amma ta taka. Shi kuma bai manta ba.

Yana da tsarinsa wanda ba ya sauyawa. Randa sai ta ƙasa. Zai binne gindinta cikin yashin gulbi, ya jiƙa yashin don ruwan ya yi sanyi, ya jefa saiwar jema a ciki, ciyawar fadamar nan mai ƙamshi, ya rufe da faifai. Moɗa kuwa da igiyar rama yake ɗaure ta, da wani ƙulli nasa na bahago mai kunne biyu, wanda ban taɓa ganin wani ya iya ba sai Saratu, ita ma don ta tashi tana kallon hannunsa. Sau ɗaya a shekara, in an gama cire albasa zafin bazara ya fara cin tafin ƙafa, yakan ware yini guda ya zagaya duka: ya wanke, ya sake yashi, ya sake igiya, ya maye wadda ta tsage. Daga nan maƙwabtan kowace randa su ci gaba da zuba ruwa har damina ta sauka.

Randuna biyar kowa a Jega ya san su. Akwai ta tsohon masallacin Juma'a, da ta zawiyar 'yan wazifa, da ta masallacin tasha, inda waɗanda ba sa ga-maciji da 'yan zawiya ke salla. Akwai ta ƙofar Yarbawan nan masu fararen riguna da ke ibada ba takalmi, da ta cocin da ke ƙarshen unguwar baƙi. An yi ta yi masa surutu kan biyun ƙarshe har aka gaji. Wani saurayi ya taɓa tare shi a tasha a gabana yana tambayarsa hujja, Mamman bai ko ɗago daga wankin randa ba ya ce, "Yaro, ƙishirwa ba ta tambayar alƙibla. Miƙo min moɗa."

Ta shida ni kaɗai ya faɗa wa. Can bayan gari, inda hanyar yashi ke gangarawa gulbi, akwai wata tsohuwar tsamiya. Tun kafin a haife mu masuntan da ke bin addinin kakanninsu suke kai wa gulbi abin da suke kaiwa a gindinta. Jikokinsu duk sun musulunta ko sun watse, sai mace guda ta rage, Inna Kulu, wadda ta ƙi barin wurin. A lokacin da nake magana ta makance, tana zaune a wata bukka dab da itacen, ba mai zuwa wurinta sai wanda ya zo a ɓoye ya koma a ɓoye. Ba mai ɗebo mata ruwa. Mamman ya ajiye mata randa, kuma da yake wannan ba ta da maƙwabta, shi da kansa yake bi ta bayan gonaki duk bayan kwana biyu ya cika ta daga rijiyar bakin gulbi. Da ya faɗa mini na ce masa ya yi hattara da bakin mutane. Ya ce, "Ni ba tsamiya ni ka ba ruwa ba. Tsamiya na da saiwa. Tsohuwa ce ba ta da kowa."

Ni kuwa yawo ne sana'ata. Goro da albasa sun kai ni Kumasi da Abidjan, aikin hajji da kwaɗayin gani suka ƙarasa sauran. Ina jin Fillanci da Larabci da Yarbanci, ina ciniki da Faransanci. Na sha ruwa a tulunan sadaka da ake jerawa bakin titi a Omdurman, na ce a raina ashe Mamman yana da 'yan'uwa a nan. A tsohon birnin Alƙahira na bi wani mai jagora, muka shiga masallaci, muka fito muka shiga cocin Kibɗawa, muka leƙa wurin ibadar Yahudawa, duk a ƙafa kafin azahar. Na dawo gida ina ta ba da wannan labari a majalisa kamar ni na gina su. Mamman ya bari na gama, ya ce, "To Ɗan Gwanja, kai sai ka hau jirgi kana ka ga abin da ni ka gani da ƙahwa ɗaya da rabi. Bana ka biyo ni, kyauta ne." Ɗan Gwanja yake ce mini, ni kuma in ce masa Sarkin Gudu.

Na bi shi. Muka fara da tsohon masallaci da sanyin safiya, muka bi ta zawiya inda tsofaffi suka ɗaga masa hannu carbi na lilo, muka yi tasha. A wurin masu fararen riguna na gaishe da matan da Yarbanci, suka yi ta shewa, Mamman ya ce yau dai yawona ya yi rana. Hantsi ya yi sosai muka isa coci. Mai gadin wurin, Ishaya, mutumin Zuru, abokin wasansa ne.

"Malam Mamman, shekara nawa kana tsayawa a ƙofa? Yaushe za ka shigo?"

"Ranar da nig gan ka sahun gaba ga Juma'a, Ishaya. Kai ka hwara, kai ne yaro."

A ɗakin Ishaya ya ajiye sabuwar randa tun jiya, domin ta Inna Kulu ta tsage. Muka ɗaure ta a sanda muka saɓa, shi a gaba ni a baya, muka nufi bayan gari. Rana ta kusa tsaka. A daidai rumfunan ajiyar albasa, inda gidaje suka ƙare, na hango mutum uku zaune a inuwa, ɗaya ɗan unguwarmu. A makon nan ne ake maganar sa ni cikin dattawan da za su kula da masallacin unguwa. Hanyar nan kuwa wuri ɗaya take zuwa, kowa ya sani. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Ni ranar nan a bakin gida tsoro ya kama ni, kunyar kuma sai daga baya ta zo. Na sauke sanda.

"Mamman, ƙahwata ta riƙe."

Ya dube ni, ya dubi rumfar, ya sake dubana. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Dariya ya yi. "Ƙahwar da tat taka Misira ita ta gaza kai gulbi? Gurgu ka ka hwaɗa ma ciwon ƙahwa, Ɗan Gwanja? To zamna. In na kwashe lada duka kada ka zo rabo."

Ya naɗe mayafinsa ya yi gammo. Da hannuwana biyu na taya shi ɗora randar a ka. Na tsaya ina kallon bayansa yana gangarawa cikin yashi, sawu ɗaya sai jan layi, sawu ɗaya sai jan layi, har ƙyallin rana ya haɗiye shi. Da aka kira azahar na tafi gida.

Bayan la'asar makiyaya suka iske shi jingine da tsamiya, ƙafafu a miƙe. Randar tana binne cikin jiƙaƙƙen yashi, cike, a rufe, moɗa a ɗaure. Inna Kulu tana zaune gefensa tana ba shi labarin uwarta. Da ta ji motsinsu sai ta ce su yi a hankali kada su tashe shi, ya gaji, sau huɗu ya gangara rijiya. Suka taɓa shi suka ce mata ai jikin ya daɗe da sanyi. Ta ce ƙarya ne, yanzun nan ya amsa mata. Har aka ɗauke shi tana cewa yanzun nan ya amsa mata.

Kafin gawa ta iso gida labari ya riga ta. Mamman Mai Randa ya mutu a wurin tsafi, an ga ya nufi can da tukunya a kai. Da aka shimfiɗe shi, liman ya juyo ya ce, "Jama'a, akwai wanda yas san abin da yak kai bawan Allah wanga can?" Ɗan unguwarmu na rumfar albasa ya dube ni. Na dubi yatsun ƙafata. Liman mutum ne mai adalci, Allah Ya jiƙansa, ya ce mun san shi da salla, za mu yi masa salla, abin da ke ɓoye na Allah ne. Amma kafin a yi kabbara mutane sun zame ɗaya bayan ɗaya. Sahu biyu aka samu, ga mutumin da rabin garin ya sha ruwan hannunsa. A ƙetaren hanya Ishaya yana tsaye shi kaɗai, hula a hannu. Da aka tambaye ni daga baya, na ce hanya ce ta haɗa mu, ban san inda za shi ba. An ba ni kujerar dattawan. Na zauna a kanta shekara uku kafin in koma Maiyama da zama, kuma ban taɓa jin ta daidai ba.

Maganar Inna Kulu ba wanda ya tsaya ji. Wani danginta ya zo ya ɗauke ta zuwa wajen Giwa Tazo, can ta rasu. Saratu kuwa malamar firamare ce a Aliero. Kowace salla takan zo gaishe ni, ta durƙusa, ta ajiye abin da ta kawo, in za ta tashi ta yi tambaya guda: "Baba, ku ne amininshi. Mi yak kai shi tsamiya?" Ni kuma in ce, "Allah Shi jiƙan shi, Saratu." Ta ce amin ta tafi. Na ji cewa har 'ya'yanta ana kira jikokin mai tsamiya. Abin da take son sani bai wuce ɗaya ba: a kan me ubanta ya cika. Ni kaɗai ke da amsa cikin waɗanda za a saurara.

Bana na yi jinya da ta sa na ƙirga abokaina na ga duk suna lahira. Da na tashi na yi niyyar in yi zagayen nan ni kaɗai, a ranar da muka yi shi, in ƙarasa abin da na bari. Na shiga motar safe daga Maiyama. A tashar Jega 'yan kabu-kabu suka yi mini caa, na ce musu ƙafa zan yi, suka dube ni kamar mai taɓin hankali.

Ina tafe ina tunanin abin da Mamman zai ce da ya ga garin yau. Ruwa ya samu, wannan zai faranta masa, don ba mai ƙyashi ba ne. Kowane masallaci da tankinsa, wani har da famfo mai aiki da hasken rana. Amma na san zai tsaya ya taɓa ruwan tankin da rana ta dafa ya girgiza kai, zai dubi ledojin ruwa da suka toshe kwalbatoci ya tambaya ko yanzu mai ƙishirwa sai ya laluba aljihu. Abin da zai fi damunsa katangu ne. A zamaninsa ƙofar masallaci da ta coci a buɗe suke, akuya ma na leƙawa. Yanzu ko'ina katanga da waya mai ƙaya, da samari masu sandar nan mai ƙara suna shafa jikin mai shiga. Ban ga laifinsu ba, abin da ya faru a ƙasar nan ne ya koya musu. Na ga irin haka a birane da yawa. Sai dai a can baƙo ne ni, a nan kuwa na san yadda wurin yake kafin a kewaye shi.

Ban sa ran samun ko randa ɗaya ba. A tsohon masallaci na zagaya bayan tanki don in ga gurbinta, sai ga ta. Yashin gindinta jiƙe. Na ɗaga faifai, ƙamshin jema ya bugi hancina. Igiyar moɗa sabuwa ce fil, ƙullin kuma mai kunne biyu. Na tambayi ladan wa ke kula da ita. Ya ce, "Mu dai haka mu ka iske ta in bazara ta kama. Ai mun ɗauka ku ne, Alhaji, tunda ku ne amininshi."

Haka na samu a zawiya. Haka a tasha, inda aka faɗaɗa masallaci aka tura randar gefen wani mai faci. Masu fararen riguna kuwa sun tashi tuntuni, wurinsu ya zama shagon sayar da siminti, a kulle. Babu mai ibada a nan, babu ko mai zama. Amma randar na jikin bango, cike, yashinta na ɗigar da ruwa a hankali zuwa cikin ƙasa. Na daɗe a tsaye. Ni musulmi ne, na san wanda ya tafi ba ya dawowa, kuma na yi yawon da ya isa ya koya mini cewa yawancin abin al'ajabi akwai hannun mutum a bayansa. Duk da haka sai na ga ina waiwaye.

Ishaya yana nan, ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani. Da murya ya gane ni.

"Alhaji, kai ne? Ka makara, an riga ka."

Na ce wa ya riga ni.

"Ba na tambaya. Kowace shekara ranar nan, gari bai gama wayewa ba, sai in ji ana wanke randa a waje. In yi gyaran murya, ba a amsawa. In na lalubo na fito, ba kowa, sai ƙamshi." Sannan ya juyo da fararen idanunsa daidai inda nake. "Ranar da ya rasu ku biyu kuka fita daga ƙofar nan da randa. Lokacin ina gani. Da na buɗe baki a wurin jana'iza, shaidar mai gadin coci ƙara masa laifi za ta yi. Kai ne kake da baki a wurin, Alhaji."

Na ce haka ne. Shi ne karo na farko da na ce haka ne ga wani mahaluki.

Rana ta take tsaka sa'ad da na kai rumfunan albasa. Ba kowa a inuwar. Tun muna yara ake hana mu bin hanyar gulbi a wannan lokaci, ana cewa ba namu ba ne. Na yi bisimilla na sa ƙafa. Shirun wurin ya fi zafin damuna. Ba kukan kurciya, ba iska, hatta hayaniyar tasha da ke bin mutum ko'ina a Jega ta yanke kamar an rufe ƙofa. Sai ƙarar takalmina cikin yashi da numfashina. Na yi nisa kaɗan na lura da sawu a gabana. Ɗaya sai jan layi. Ɗaya sai jan layi. Na ce wa kaina saniya ce ta ja igiya, ko wani ne ya ja itace. Na tsuguna na duba. Gefen sawun bai ko ruguje ba. Na so in juya, wallahi na so. Abin da ya hana ni shi ne na tuna a daidai nan na taɓa juyawa.

Tsamiyar tana nan, ta fi yadda na san ta duhu. Bukkar Inna Kulu ta zube, ciyawa ta bushe a kanta. Ba alamar wani ya kawo wa gulbi komai a wurin cikin shekaru. Sawun ya zo gindin itacen ya tsaya, ban ga inda ya koma ba, ko da yake daga nan ƙasar tauri ce. Randar da na ɗora masa a ka da hannuna tana nan. Na gane ta da wani ɗan guntun baki da ta yi lokacin da na sauke sanda da gaggawa. Yashinta jiƙe, faifai a kai, igiya sabuwa, ƙulli mai kunne biyu.

Na buɗe. Ruwan ya kai wuya, ya kwanta luf, na ga fuskar wani tsoho a ciki. Na ɗiba na sha. Sanyinsa har haƙori. Na zauna inda aka ce an iske shi, na jingina, na ce da ƙarfi, ban san wa nake gaya wa ba: "Sarkin Gudu, ƙahwata lahiya lau take ranar nan." Ba abin da ya amsa. Moɗar da na saki ce kawai ta yi ta lilo tana bugun cikin randar, ƙwas, ƙwas, ta daɗe fiye da yadda nake ganin ya kamata.

A hanyar dawowa na gamu da wani makiyayi, na tambaye shi da Fillanci ko su ke cika randar tsamiya. Ya ce su dai sha suke yi, sun ɗauka aikin mutanen gari ne.

Ban koma Maiyama ba. Na shiga motar Aliero, na iske Saratu ta taso daga makaranta tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta shimfiɗa mini tabarma. Ban jira ta tambaya ba. Na faɗa mata tun daga kan makauniyar da ba mai ɗebo wa ruwa, har rumfar albasa, har ƙafar da na ce ta riƙe, har yatsun da na kalla gaban liman. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta daɗe tana juya shinkafa a tire ba ta tsintar komai.

"Ruwa yak kai," ta ce a hankali. "Ruwa kawai."

"Ruwa kawai, ɗiyata."

Ta share fuska da gefen hijabi. Ba ta ce ta yafe mini ba a ranar, ni ma ban roƙa ba, ban ga ina da bakin roƙo ba. Sai na ba ta labarin zagayena, da jiƙaƙƙen yashi, da ƙullin. A nan ta ɗan yi murmushi, irin na ubanta.

"Ni ce, Baba. Motar hwarko ni ka shiga kowace shekara, in gama kahin mutane su hito. Ban son a ce ɗiyar mai tsamiya ta taɓa musu ruwa. Yau ma na je. Baba Ishaya na ta gyaran murya, ina jin shi."

Hankalina ya kwanta, har na yi dariya. Na ce lalle ta gaji ubanta, mace ita kaɗai har gindin tsamiya da sassafe.

Ta ajiye tiren.

"Biyar ni ka yi, Baba. Ban taɓa taka hanyar nan ba, ko kallonta ban iyawa. Yau nif fara jin akwai randa can."

Daidai nan aka kira la'asar.

Na yi ta juya abin. Mai yiwuwa wani ne cikin jikokin masuntan. Mai yiwuwa wani ne da ya taɓa shan ruwan yana yaro ya tsaya ya koyi ƙullin daga tsohuwar igiya, yana kuma jan ƙafa, gurgu ai ba Mamman kaɗai Allah Ya yi ba. Na bar shi a nan. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, amma ba a ce dole mu ga hannun da ke tsince shi ba. Gonar albasar Mamman an raba, gidansa an sayar, kabarinsa ni kaina sai an nuna mini. Ni da na taka ƙasashe ban bar komai a cikinsu ba sai kuɗin masauki. Shi da bai wuce Jega da ƙauyukanta ba ya bar wuri shida da mai ƙishirwa zai tsaya ba a tambaye shi wane ne ba, ɗaya a ƙofar da aka daina ibada, ɗaya a gindin itacen da kowa ke tsoro.

Juma'ar da ta biyo baya na je tsohon masallaci, na nemi izini bayan an sallame na miƙe na faɗi abin da na rubuta a nan. Saratu tana can bayan katanga wajen mata, an ce ta ji. Yawancin waɗanda suka zame daga sahu ranar nan sun bi Mamman, limamin da ya yi tambayar ma haka. Duk da haka tambayarsa na nan tun shekara goma sha ɗaya ba a amsa ba, kuma ni aka tambaya.

Liman, na sani. Ina tare da shi. Makauniya ya kai wa ruwa, shi kaɗai, da tsakar rana, domin wanda ya kamata ya riƙe masa ɗaya bakin sandar ya ajiye. Allah Ya shayar da Mamman ranar da kowa zai ji ƙishirwa.